Waiwaye: yadda aka yi ta sauya wa ƙananan buzuzu suna da dangi

Duk wanda ya taɓa juya ɗanyen kashin shanu da sanda a bayan garin Garwa ko Marwa na arewacin Kamaru cikin damina ya ga wasu ƙananan ƙwari, baƙaƙe ko masu ruwan ƙasa, suna rige-rigen nutsewa. Ba su ne buzuzun da yara suka sani ba, mai mirgina dunƙulen kashi da ƙafafun baya. Yawancin waɗannan ba sa mirginawa, ba sa haƙa rami. A cikin kashin suke ci, nan tsutsarsu ke girma, kuma da yawansu ba su wuce ƙwayar shinkafa ba. Masana suna kiran zuriyar Aphodiinae, an kuma rubuta fiye da iri 3,000 a duniya.

A 1758 Linnaeus, masanin nan ɗan Suwidin, ya tattara buzuzu manya da ƙanana, har da masu ƙaho da masu cin ganye, ya sa su ƙarƙashin suna ɗaya, Scarabaeus. A 1798 aka ware ƙananan a Jamus aka kira su Aphodius, a 1815 kuma William Leach na Ingila ya ba su zuriyarsu ta kansu. Kusan duk wannan rabon da ƙwarin Turai aka yi shi.

Namu sun shiga littattafai ne ta hannun sojoji, 'yan mishan da jami'an mulkin mallaka. Kamaru tana hannun Jamus daga 1884 zuwa 1916, bayan nan Faransa da Ingila suka raba ta, don haka akwatunan ƙwari suka bi hanyar Balin, daga baya Faris da Landan. Wanda zai raɗa wa ƙwaron suna sau da yawa bai taɓa taka Afirka ba, abin da ke gabansa busasshen ƙwaro ne a kan allura da 'yar takarda mai sunan ƙasa kawai. A 1922 Bajamushe Adolf Schmidt ya fitar da babban kundin zuriyar baki ɗaya. Ya bar Aphodius a matsayin gida ɗaya mai sassa da yawa, kuma haka aka ci gaba da cusa masa sababbi har suka haura iri 1,000.

A 2001 Giovanni da Marco Dellacasa na Italiya tare da Bafaranshe Patrice Bordat suka rushe wannan gida, suka mayar da mafi yawan sassan gidaje masu zaman kansu. Ƙwaron da aka sani da Aphodius lividus tun zamanin kakanni, wanda ya bi dabbobin kiwo ya bazu a ƙasashe masu zafi na duniya, ya koma Labarrus lividus. Ba kowa ne ya yarda ba. Har yau wasu marubuta suna riƙe da tsohon tsari, shi ya sa ɗalibi zai ga suna biyu a takardu biyu ya ɗauka ƙwari biyu ne. A ganina rabon ya dace, domin tsohon gidan ya tara waɗanda ba su haɗa komai ba sai ƙanƙanta, amma wahalar da ya jawo wa mai karatu ba kaɗan ba ce. A 2001 ɗin ma aka gano, ta hanyar duba ƙwayoyin gado, cewa Aphodius fimetarius mai jan baya, wanda Turawa suke gani a makiyayarsu tun zamanin Linnaeus, ashe iri biyu ne. Idan haka ta faru da na ƙofar gidansu, ina ga na bakin Binuwai?

Wajen bazuwa kuwa, a ƙasashen sanyi kamar arewacin Turai ƙananan nan su ne masu gari, kashin saniya yakan daɗe da laima, su ci su hayayyafa a natse. A dajin Afirka lamarin ya juye. Manyan 'yan'uwansu na zuriyar Scarabaeinae, masu mirginawa da masu binnewa, sun haura iri 2,000 a nahiyar, kuma da damina suna iya kwashe kashi cikin yini ɗaya ko ƙasa da haka. Da rani rana takan mayar da shi kandilo, gara ta ƙarasa, ko mata su tsince don hura wuta. Mai zama cikin kashi dole ya yi sauri ko ya nemi inda laima ke daɗewa, irin fadamun kogin Logon da shanu ke sauka bayan ruwa ya janye. Wasu 'yan zuriyar Aphodiinae ma sun bar kashi gaba ɗaya: akwai masu zama cikin yashin bakin rafi suna cin ruɓaɓɓen ganye, akwai masu zama cikin gidan gara. Da yawa da dare suke tashi, su ne kan faɗo kusa da fitila a farkon damina.

Taswirar bazuwarsu sai an karanta ta da lura, domin ɗigon da ke kanta yana nuna inda mai tarawa ya yada zango ne. Afirka ta Kudu da tashar bincike ta Lamto a Kwaddibuwa, inda Yves Cambefort ya yi dogon nazari, an yi musu aiki sosai fiye da yankinmu, duk da gandun daji irin su Waza, Binuwai da Buba Njida, da ɗimbin shanun Adamawa.

Abin da ya sa maganar ta shafi makiyayi shi ne maganin tsutsar ciki. Ivermectin ya shigo kasuwa a 1981, a 1987 kuma masu bincike a Ingila suka nuna cewa kashin maruƙan da aka ba maganin kusan babu ƙwari a cikinsa, kuma ba ya ruɓewa da wuri. Tsutsar buzuzun da ke rayuwa cikin kashin kai tsaye take haɗuwa da maganin. Yau maganin yana kasuwannin shanu na arewacin Kamaru, amma kafin a ce iri kaza ya ragu sai an san irin da ke nan tun farko. Tantancewar kuma ba ta yiwuwa da ido kawai, sau da yawa sai an fiɗe namijin a ƙarƙashin madubin ƙara girma an duba al'aurarsa, sannan a gwada da ainihin ƙwaron da aka raɗa wa sunan. Ɗalibin Jami'ar Ngaundare ko ta Marwa da ya ɗauki wannan aiki zai tarar mafi yawan waɗannan na asali suna ajiye a Faris, Balin, Landan da Tervuren ta Beljiyam.