Battar ashana ta azurfa: ga amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Shekara goma sha biyu ke nan ina tara battocin ashana na azurfa, tun lokacin da aiki ya zaunar da ni a Birmingham. Yanzu ina da arba'in da 'yan kai. Duk wanda ya gan su, ko ya tsinci ɗaya a gwanjo ya turo mini hoto, tambayarsa ba ta wuce waɗannan da ke ƙasa. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Wai mece ce wannan battar?

Gidan ashana ne na aljihu. Ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, tana da murfi mai rufe kansa da ƙarfi, a gindinta akwai tsaga mai kaushi inda ake ƙyastawa, a gefe kuma ɗan zobe da ake rataye ta a sarƙar agogon aljihu. Turawan Ingila suna ce mata vesta, daga sunan gunkiyar murhu ta Rumawa. An fi yayinta tsakanin 1890 da 1920.

In goge ta ta yi ƙyalli?

Na sa wannan a gaba saboda a nan kuke ɓarna. Ban da toka, ban da soson ƙarfe, ban da man goge baki. Wani ɗan'uwa ya turo mini hoton tasa bayan ya dirje ta da toka, yana murna ta yi fari tas, alhali ya shafe rabin tambarin shaidar azurfa da ya kwana shekara ɗari a jikinta. Ka sami tsumma mai laushi, ka ɗora babban yatsanka a kan tamburan, ka goge sauran a hankali. Kada ka tsoma ta a ruwa, domin sifirin da ke riƙe murfin baƙin ƙarfe ne, zai yi tsatsa ya karye. Kada ka ɗaure ta da roba, roba na baƙanta azurfa. Baƙin da ya kwanta a cikin zanen kuwa ka bar shi, shi ke fito da adon.

Me ya sa ba su bar ashanar a kwalinta ba?

Saboda ashanar da ba irin ta yanzu ba ce. Wani mai haɗa magunguna, John Walker, ya fara sayar da ashanar ƙyastawa a garin Stockton na Ingila a 1827. Ba a daɗe ba aka koma yin kanta da sinadarin farin fosfaras, wanda ke kamawa a jikin kowane abu mai kaushi, har da 'yar'uwarta a cikin aljihu. Mutum na tafiya sai falmaran ta kama da wuta. Batta ta raba shi da wannan, ta kuma tsare ashanar daga laima.

Ina so duk mai riƙe da batta ya san wannan kuma: farin fosfaras ɗin nan yana ruɓar da muƙamuƙin masu aikin yin ashana. A 1888 mata da 'yan mata wajen 1,400 suka yi yajin aiki a masana'antar Bryant & May da ke unguwar Bow a Landan, kan ƙarancin albashi da tarar da ake cin su da mugun yanayin aiki. Sai 1910 dokar hana farin fosfaras ta fara aiki a Birtaniya. Azurfar tana aljihun mai hali, ciwon yana bakin 'yar talaka, kuma ba na iya buɗe akwatina ban tuna su ba.

Ashanar kanti za ta kama a gindinta?

A'a. Ta yanzu sai a jikin kwalinta. Daina gurzawa, kana cinye tsagar.

Yaya zan gane azurfa ce ta gaske?

Buɗe murfin, ka duba leɓen da ke ciki da gilashin ƙara girma. In ta Ingila ce za ka ga ƙananan tambura a jere. Zaki mai tafiya yana nufin azurfa ce kashi 925 cikin 1,000. Na biyu na garin da aka auna ta ne: ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa ta Birmingham ce, kuma ita za ka fi gani, kan damisa na Landan, damin alkama uku da takobi na Chester, kambi na Sheffield. Sai harafi ɗaya na shekara, sai haruffan maƙerin. In ka ga kan Sarauniya Victoria a cikin jerin, tambarin haraji ne da aka daina bugawa a 1890, don haka battar ba ta wuce wannan shekarar ba.

In ka ga EPNS, ruwan azurfa ne aka yi wa farin ƙarfe. Ba laifi ba ne ka so ta, amma kada a karɓi kuɗin azurfa a hannunka. Na Amurka, irin na kamfanin Gorham, kalmar STERLING suke bugawa. Na Jamus sukan zo da 800 da jinjirin wata da kambi.

Maganaɗisu kuma ba alƙali ba ne. Tagulla ma ba ta kama shi, sannan battar azurfa tsantsa za ta ja shi ta wajen sifirin. Hajiya da kika rubuto hankali a tashe saboda wannan, kwantar da hankalinki, taki lafiya lau take.

Nawa za ta yi?

Ba na yi wa hoto kuɗi. Mai santsi marar ado tana da araha, mai siffar dabba ko mai hoton narkakken gilashi, musamman ta kamfanin Sampson Mordan na Landan, tana da tsada, kuma ita aka fi yi wa jabu.

Akwai haruffa a jikin tawa. Zan iya gano mai ita na farko?

To, wannan ce tambayar da ta cancanci a gyara zama. Galibi ba za ka iya ba. Wani lokaci za ka iya. Ko ka sami suna ma, da wuya ka kai inda za ka rantse a kai.

Da farko ka raba abu biyu. Tambari yana gaya maka shekarar da aka auna battar. Rubutun da ke fuskarta yana gaya maka ranar da wani ya kai ta wurin mai zane, kuma ba dole su zo ɗaya ba. Wanda ya san sulallar azurfa mai hoton Maria Theresa, wadda maƙeranmu suka daɗe suna narkarwa, ya san duk 1780 ke jikinta ko da bayan shekara ɗari aka buga ta. Harafin shekarar ma yana da tarko: haruffan suna zagayowa, sai ka dubi salon rubutun da siffar da ta kewaye shi kafin ka san wane zagaye ne. Kafin 1975 kuma Birmingham a watan Yuli take canza harafi, don haka harafi ɗaya yana taka shekara biyu.

Ga wadda ke gabana yanzu. Ƙugiyar Birmingham, zaki, ƙaramin f, wato 1905 zuwa tsakiyar 1906. A fuskarta haruffa biyu, a baya an rubuta da Turanci cewa daga mahaifiyarsa ce, Kirsimetin 1914. Tazarar shekara tara. Ko ta kwana a kanti duk tsawon lokacin, ko uwar ta saye ta ta hannu, ko ta uban ce aka juya wa ɗan. Kowanne zai iya yiwuwa. Disambar 1914 kuma wata huɗu ne da shigar Birtaniya yaƙin duniya na ɗaya, kuma kullum na ɗauke ta zuciyata na ce mini uwa ce ke sallamar ɗanta zuwa fagen daga. Na sha kwana ina tunanin ko ya dawo. Amma ba wata runduna a rubuce, ba gari, ba cikakken suna. Abin da ƙarfen ya shaida mini shi ne: gefen murfin ya ɗan lotsa daidai inda babban yatsa ke dannawa, tsakiyar tsagar ta yi sumul, zoben ya sirance ta gefe ɗaya saboda gugar sarƙa. Wani ya yi shekaru yana ɗauke da ita kullum. Ko ɗan ne ko wanda ya gaje shi, a nan na tsaya.

Saboda haka ka auna abin da ke hannunka. In haruffa biyu ko uku ne kawai, ka haƙura. A waɗanda aka saƙa cikin juna ma ba lallai ka gane wanne ne na farko ba; sau da yawa babban na tsakiya shi ne sunan dangi, amma ba kullum ba. In alamar gida ce, kamar kan barewa ko hannu riƙe da takobi, akwai littafin Fairbairn da ya fara fitowa a 1859, sai dai za ka tarar da gidaje da dama a ƙarƙashin alama ɗaya, kuma akwai waɗanda suka zaɓi alama a shagon mai zane don ta ba su sha'awa kawai.

In kuwa Allah ya sa akwai cikakken suna tare da gari, ko ƙungiya, ko runduna, ko kwanan wata, to akwai hanya. Ƙidayar Ingila ta 1911 a buɗe take, ta 1921 an buɗe ta a 2022. Ta 1931 gobara ta cinye ta a 1942, a 1941 kuma ba a yi ba saboda yaƙi, don haka sawu kan ɓace daga nan. Tsofaffin jaridun ƙananan garuruwa sun fi taimako, domin sukan buga labarin kyautar da aka ba ma'aikaci ranar barin aiki ko ɗan ƙwallon da ya ci gasa, wani lokaci har su ambaci battar. In soja ne ya mutu a yaƙi, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel tana da sunansa. In ya rayu, ka shirya wa rashin sa'a, fiye da rabin takardun ƙananan sojojin yaƙin farko sun ƙone a ruwan bama-baman Landan na 1940. Hafsoshi kuma naɗinsu yana cikin London Gazette, jaridar sanarwar gwamnatin Birtaniya.

Masu tambaya ta ko za a iya samun ta wani Baturen mulki da ya zauna a ƙasarmu: zai iya yiwuwa, tunda shekarun yayin batta su ne shekarun Lugard a Lakwaja da Zungeru. In rubutun ya ambaci wuri ko runduna ta ƙasarmu, Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna wuraren dubawa ne. Amma ka yi hattara, dillalai sun san irin wannan rubutu na ɗaga farashi. Sa gilashi a kan haruffan. Tsohon zane bakinsa ya dakushe tare da sauran jikin, ƙarce-ƙarcen shekaru sun bi ta kansa. Sabo yana da kaifi da haske, kuma shi ne ya yanke tsofaffin ƙarce. Wani dillali ya taɓa rantse mini cewa battar da ke tirensa ta wani kyaftin ce da ya mutu a yaƙin Boer na Afirka ta Kudu. Yaƙin ya ƙare a 1902, harafin battar kuwa 1908 ya nuna.

Ko komai ya dace, mutum uku na iya amsa suna ɗaya a gari ɗaya. Ni nakan rubuta wa kowace batta ɗan kati: abin da tambari ya ce a sama, abin da nake zato a ƙasa, da kalmar "wataƙila" a gabansa. In za ka sayar, ka miƙa katin yadda yake. Kada ka goge "wataƙila".

Zan iya sa a kankare sunan a rubuta nawa?

Kul! Wannan 'yan haruffan mai yiwuwa su kaɗai suka rage daga mutumin a duniya. Ban da haka kankara tana sirantar da ƙarfen. In za ka saya ma, ka ɗan danna fuskar da yatsa. In ta lotsa ta dawo kamar murfin gwangwani, an taɓa kankare ta, ka rage kuɗi ko ka bar ta.

Ya halatta a ajiye ta? Akwai zakka?

Wannan ta malamai ce, a kai musu. Abin da zan taimaka da shi awo ne: yawancinsu giram 20 zuwa 30 ne, nisabin azurfa kuwa wajen giram 595. Mai tarawa da yawa ya sa su a sikeli.

Maƙeri ya ce in kawo ya narkar ya yi mini zobe.

Kada ka kai. Azurfar cikinta ba ta taka kara ta karya ba, aikin hannun da tamburan su ne darajarta. In ka gaji da ita ka sayar wa mai so.

Me ya kashe yayinta?

Laita. Carl Auer von Welsbach ya ƙirƙiro ƙanƙarar laita a 1903, bayan yaƙin farko laita ta cika aljihuna, ashanar kwali kuma ta daina kamawa da kanta.

Da wacce zan fara?

Da mai santsi ta Birmingham ko Chester, wadda tamburanta ke karantuwa sarai. Buɗe murfin ka rufe kusa da kunnenka, ya kamata ka ji ya ce ƙas. In ya yi lagwai-lagwai sifirin ya mutu, gyaransa kuma yakan fi kuɗin battar. Ɗaga ta sama ka leƙa cikinta ta wajen haske ko akwai ƙananan huji a kusurwoyi, ka duba mahaɗin murfin ko an yi masa liƙin dalma mai launin toka. In duk ta tsallake, saya, ko da haruffan wani a jikinta.