Binciken siminti da na'urar maganaɗisu

NMR (Nuclear Magnetic Resonance, wato awo da maganaɗisu da igiyar rediyo) hanya ce da masana ke bi su leƙa cikin siminti, kankare, jan bulo da dutse su ga inda ruwa ya maƙale ba tare da sun fasa abin ba. Tushenta ɗaya da na'urar MRI ta asibiti. Felix Bloch da Edward Purcell ne suka gano ta a Amurka a 1946, aka basu kyautar Nobel a 1952.

Yadda take aiki, ruwa na ɗauke da haidurojin, shi kuma ƙwayar tsakiyarsa tana da halin maganaɗisu. Sai a sa ɗan gutsuren siminti cikin babban maganaɗisu, a buga masa igiyar rediyo, ƙwayoyin su karkace, to lokacin da suke komawa daidai ne suke bada sigina. Ruwan kofi siginarsa na kaiwa daƙiƙoƙi, amma wanda ya matsu a ƙaramin rami yana ta gogar bango tasa bata ko kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa take mutuwa. Da wannan bambancin ake gane girman ramukan, kuma lissafin da masana Brownstein da Tarr suka fitar a 1979 har yau da shi ake amfani.

Anan ne abin yake da daɗi. Da yawan mu muna ɗauka bushewa ce ke sa siminti ƙarfi, alhali shan ruwa ne, ruwan ke haɗuwa da garin ya haifar da wani sinadari mai danƙo na kalsiyam da silika wanda shi ke riƙe yashi da tsakuwa, kuma cikinsa cike yake da ramuka 'yan mitsi-mitsi da basu wuce nanomita kaɗan ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). A da sai an gasa samfurin ya bushe ko a ɗura masa zaiba da ƙarfi kafin a auna ramukan, kaga an ɓata abinda ake son gani tun kafin a gani. Da NMR kuwa samfur ɗaya za'a bi tun yana kwaɓi har kwana 28, ana kallon ruwan manyan ramuka na raguwa yana komawa ƙanana. Manyan ramukan da suka rage sune ƙofar da ruwa da gishiri ke bi su kai ga rodi ya yi tsatsa.

Matsalar NMR ƙarfe ce. Simintin gini mai ruwan toka nada sinadarin ƙarfe da ke kashe sigina da wuri, shiyasa yawanci da farin siminti ake gwajin.

Peter McDonald a Jami'ar Surrey ta Ingila yayi suna a fannin, Bernhard Blümich a Aachen ta Jamus kuma ya ƙera ƙaramar na'ura da ake ɗorawa jikin bango kai tsaye. Kamfanonin mai ma suna zura irinta cikin rijiya su auna ramukan dutse, abinda ya kamata ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) su sa wa ido tunda ga filin mai na Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe.

Mu da muke da masana'antar simintin Ashaka a Funakaye, ga rana ga iskar hunturu mai tsotse danshi, wannan binciken ya shafe mu sosai. In ruwa ya tsere da wuri haɗin tsayawa yake, ramukan su zauna a buɗe, dan haka birkilan da ya dage sai anyi wa bulo da deki ban-ruwa safe da yamma na aƙalla sati guda, gaskiya ke gareshi ko da mai gini na ƙorafin kuɗin tanka.