Kukan jariri da murɗar ciki: tambayoyin masu jego a Makka da Jidda

Duk wadda ta yi jego a gidan haya a Makka ko Jidda ko Madina ta san yadda kukan jariri yake cika ɗaki bayan la'asar, ta kuma san yadda shawara take zuwa mata ta kowace fuska. Maƙwabciya Balarabiya za ta ce a dafa masa yansun (ƙwayar wani tsiro mai ƙamshi da ake shayi da ita), gwaggo ta bugo waya daga Kano ko Damagaram ta ce a ba shi jiƙo, mai sayidaliyya, wato shagon magani, kuma ya miƙo kwalbar ɗigo. Tambayoyin da ke biye su ne suka fi yawa a bakin iyaye a watannin farko.

Jaririna ya ƙoshi, kunzugunsa a bushe yake, me ya sa yake ta kuka yana naɗe ƙafafu?

Kukan jariri yana da lokacinsa, kamar yadda haƙori da rarrafe suke da nasu. Yakan fara ƙaruwa daga mako na biyu, ya kai ƙololuwa wajen mako na shida, sannan ya riƙa raguwa har ya lafa tsakanin wata uku da wata huɗu, kuma mafi yawansa yana faɗowa ne daga la'asar zuwa dare. A shekarar 1954 wani likitan yara a Amurka mai suna Morris Wessel ya kafa ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi wajen gane kukan da ya wuce kima: jariri mai ƙoshin lafiya da ke kuka fiye da awa uku a rana, fiye da kwana uku a mako, har fiye da mako uku. Wannan shi ne Larabawa suke kira magas, mu kuma mu ce murɗar ciki. Likitoci suna danganta shi da abubuwa da dama a haɗe, daga ciki har da hanjin da bai gama sabawa da aikinsa ba, da iskar da yaro yake haɗiya, da kuma rashin iya kwantar da kansa idan hayaniyar yini ta yi masa yawa.

Akwai abin da ya kamata kowace mai jego ta sani tun da wuri. Mako shida kwana arba'in da biyu ne, wato kukan yakan kai maƙura daidai lokacin da ake shirin yin arba'in, lokacin da wadda ta zo zaman jego take haɗa kayanta. Uwa sai ta ga hannun taimako ya tafi, kuka ya ƙaru, ta ɗauka nononta ne ya lalace ko ita ce ta kasa. Ba haka ba ne. Idan yaron yana shan nono, yana jiƙa kunzugu kamar sau shida a yini, nauyinsa yana ƙaruwa, to nonon yana yin aikinsa.

Daga ina iskar take shiga, kuma yaya zan rage ta?

Mafi yawanta ta baki take shiga, wajen sha da wajen kuka. Shi ya sa ba a jira sai ya ɓarke da kuka kafin a ba shi nono. Da zarar ya fara tsotson hannu yana juya kai yana neman nono, lokaci ya yi. Ki tabbatar ya buɗe baki sosai ya kama har da baƙin da ke kewaye da kan nonon, haɓarsa tana taɓa nono, leɓensa na ƙasa ya juyo waje. Idan kina jin ƙarar tsotso ko kan nono yana yi miki zafi, kamun bai yi daidai ba, sai ki sa ɗan yatsa a gefen bakinsa ki cire shi a sake. Ki bari ya gama da nono ɗaya kafin ki mayar da shi ɗayan. Idan ya gama, ki ɗora shi a kafaɗa ko ki zaunar da shi a cinya kina tallafe da haɓarsa, ki riƙa shafa bayansa na 'yan mintoci. Ba kowane sha ne gyatsa take biyo bayansa ba, kuma ba laifi idan ba ta zo ba.

Mai shan madarar gwangwani yana buƙatar ƙarin kula. A tafasa ruwa, a haɗa madarar kafin ruwan ya huce ƙasa da digiri 70, wato cikin rabin awa da saukewa, a fara zuba ruwa kafin gari, a bi awon da ke jikin gwangwanin ba ƙari ba ragi, sannan a sanyaya kafin a ba shi. A bar kumfa ya kwanta, a riƙe yaron a ɗan zaune, a karkata bulumbotin yadda madara za ta cika kansa. Yawan sauya madara daga wannan gwangwani zuwa wancan saboda shawarar maƙwabta bai cika magance komai ba, sai dai ya ci kuɗi.

Idan kukan ya taso, me zan yi masa a lokacin?

A nan ne iyayenmu suka riga kowa. Wani bincike da aka yi a Montiriyal ta ƙasar Kanada, aka wallafa a 1986, ya nuna cewa jariran da aka ƙara wa lokacin ɗauka a jiki sun rage kuka da kashi 43 cikin ɗari a mako na shida. Goyo ke nan, abin da Bahaushiya take yi da zane da majanyi tun kaka da kakanni, wanda wasu suke jin nauyin yi a nan don kada a ce ƙauyanci ne. A ganina babu abin kunya a ciki. Sai dai jaririn da wuyansa bai yi ƙwari ba ya fi dacewa a rungume shi a ƙirji, fuskarsa a buɗe inda za ki riƙa ganinta, kada gyale ko abaya su rufe masa hanci.

Bayan ɗauka, ki kwantar da shi rigingine ki riƙa lanƙwasa ƙafafunsa zuwa ciki ɗaya bayan ɗaya kamar mai tuƙa keke. Ki shafa ɗan mai a tafin hannu ki murza cikinsa a hankali ta yadda hannun agogo yake juyawa, domin ta nan babban hanji yake bi. Amma ba da gama shan nono ba. Wasu jariran suna samun sauƙi idan aka kifa su a kan hannu, kai yana wajen gwiwar hannu, ana zagaya ɗaki da su. Wanka da ruwan ɗumi yana taimakawa, haka ma rage haske da kashe talabijin, kuma ƙarar mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) mai tafiya iri ɗaya takan sa su barci, muddin iskar ba ta bugun yaron kai tsaye.

Naɗe jariri a zane, wanda ake kira mihad a nan, yana kwantar da wasu. A bar ƙugu da ƙafafu su sami wurin motsi, a yi amfani da yadi marar kauri saboda zafi, a kuma daina da zarar ya fara ƙoƙarin juyawa. Kifewa ta lokacin da yake ido biyu ce kawai, kina kallonsa. Barci kuwa a rigingine yake yinsa kullum, ko da kin ga kamar ya fi jin daɗin kwanciyar ciki.

Yansun da ruwan garib da zuma da zamzam fa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, domin masu ba da waɗannan abubuwa masoya ne, kuma ƙin shawarar surukuwa ba abu ne mai sauƙi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla ya wadaci jariri har wata shida, ba tare da ko ruwa ba, ko da a ƙasa mai zafi irin wannan, domin fiye da kashi 80 cikin ɗari na nono ruwa ne. Cikin jariri ƙarami ne ƙwarai. Duk cokalin shayi ko jiƙo da ya shiga ya tare wurin nono, yaron ya rage tsotso, nonon uwa ya ragu. Ruwa mai yawa yakan tsarma gishirin jininsa har ya jawo jijjiga, ruwan da ba shi da tsabta kuma ya kawo gudawa.

Yansun yana da nasa haɗarin. Akwai wani iri mai siffar tauraro da yakan gauraya da nau'in Japan mai guba, kuma a 2003 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan shayinsa bayan an sami jarirai da suka kamu da jijjiga da amai. Ruwan garib kuwa asalinsa haɗi ne da William Woodward ya fara yi a Ingila a 1851, har da giya da sukari a cikinsa. Na yanzu galibi an cire giyar, amma babu hujja mai ƙarfi da ta nuna yana magance murɗar ciki. Zaƙinsa ne yake sa yaro ya yi shiru na ɗan lokaci.

Zuma ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba, ko lasa, domin takan ɗauki ƙwayoyin wata cuta da ke tsirowa a hanjin jariri ta shanye masa jiki har ta taɓa numfashi. Tahniki da aka sani a sunna shi ne goga ɗan dabino mai laushi a dasashin jariri bayan haihuwa, kuma wannan daban yake da ɗura masa zuma duk lokacin da ya yi kuka. Zamzam ruwa ne mai albarka wanda Allah ya sa muke kusa da shi. Uwa ta sha ta ƙoshi, ta yi wa ɗanta addu'a, shi kuma ya jira wata shida.

To ɗigon da ake sayarwa a sayidaliyya?

Mafi yawansu suna ɗauke da simetikon, wanda gwaje-gwaje suka nuna bai fi ɗigon da babu magani a cikinsa tasiri a kan kuka ba. Akwai wani ɗigo na ƙwayoyin hanji masu amfani da ya nuna ɗan tasiri ga masu shan nono. Ko wanne ne, a tambayi likitan yara kafin a saya, kuma kada a ba jariri maganin da aka rubuta wa yayansa.

Abin da nake ci ne yake sa masa iska?

Iskar da wake ko kabeji yake sa wa uwa ba ta bin nono ta shiga cikin yaro, don haka babu dalilin da zai sa mai jego ta takura kanta. Abin da ya cancanci ragewa shi ne gahawa da shayi mai ƙarfi idan sun yi yawa, domin sinadarin da ke hana barci yana shiga nono. Ƙalilan daga cikin jarirai jikinsu ba ya karɓar furotin na madarar shanu, kuma waɗannan sukan nuna wasu alamu kamar ƙuraje, yawan amai, ko jini a kashi. Likita ne zai ce uwa ta bar madara da laban (kindirmo) da cuku na mako biyu zuwa huɗu a ga ko za a sami canji.

Yana yunƙuri har fuskarsa ta yi ja, wani lokaci ya kwana biyu bai yi kashi ba. Cikinsa ne ya ɗaure?

Idan kashin ya fito da laushi, cikinsa bai ɗaure ba. Yana koyon yadda zai yi yunƙuri ya saki dubura a lokaci guda ne. Mai shan nono zalla, bayan mako shida, yakan yi kwanaki bai yi ba kuma lafiyarsa ƙalau. Kada a cusa masa sabulu ko tsinken auduga.

Tsofaffi sun ce kukan magariba baki ne ko iska. Me za a ce musu?

A ce musu addu'a tana da wurinta babba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana nema wa Hasan da Husaini tsari da kalmomin Allah cikakku daga kowane shaiɗan da abin cutarwa da mugun ido. Addu'a ba ta buƙatar a ɗura wa jariri komai, ba ta kuma hana zuwa asibiti. Abin da nake roƙon iyaye su tsaya tsayin daka a kansa shi ne duk abin da zai taɓa jikin yaro da ƙarfe: lalas da wuta, wanda ake kira kayyi a nan, da tsaga a ciki, da cire beli. Babu ɗayansu da ke fitar da iska, kuma suna jawo zubar jini da ƙuna da shigar cuta. Hayaƙin turaren wuta da na shisha da taba ma a nisanta su da ɗakin da yake kwana.

Yaushe ne kukan ya zama na asibiti?

Zazzaɓin da ya kai digiri 38 ga jaririn da bai cika wata uku ba na gaggawa ne, kuma ba a ba shi maganin zazzaɓi a zauna jiran safiya. Haka nan amai kore, ko aman da ke fita da ƙarfi bayan kowane sha, wanda ya sha bamban da tumbuɗi, ko jini a kashi, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko kumburi a matsematsi ko maraina. Idan ya ƙi nono sau biyu a jere, ko jikinsa ya saki ba ya farkawa sosai, ko numfashinsa ya yi sauri, ko fitsari ya ragu, ko sautin kukan ya canza ya zama mai ƙara ko nishi, a tafi nan take. Kafin a fita a duba yatsun hannu da na ƙafa, domin silin gashi yakan naɗe yatsa ya sa kuka mai tsanani. Ma'aikatar lafiya ta Saudiyya tana da lamba 937 da ake samun shawarar likita dare da rana, motar agaji ta Hilal Ahmar kuma 997 ce. Kada tunanin kuɗi ko na takardu ya sa a zauna da yaro mai irin waɗannan alamu.

Idan na gaji har na ji raina ya ɓaci da shi fa?

Wannan yana faruwa ga iyaye nagari, musamman wadda take ita kaɗai a ɗaki, danginta suna wata ƙasa, maigida kuma yana wurin aiki har dare. Idan kin ji haƙurinki ya ƙare, ki kwantar da shi rigingine a gadonsa, ki fita falo na minti goma, ki sha ruwa, ki yi alwala, sannan ki dawo. Kukan minti goma ba zai cutar da shi ba, amma girgiza jariri da ƙarfi, ko na ɗan lokaci kaɗan, yana iya fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwarsa ya bar shi da makanta ko shanyewar jiki ko ya rasa rai. A faɗa wa duk wanda ake bar wa yaron wannan magana. Maigida ya karɓi ɗauka bayan lisha domin ki sami barcin awa biyu ko uku a jere, maƙwabciya ta riƙe shi ki yi wanka. Idan kuwa baƙin ciki da kuka da rashin son komai sun wuce mako biyu suna tare da ke, ki faɗa wa likita a ranar da kika kai yaron rigakafin wata biyu, ko ma kafin ranar ta zo.