Sunayen Sassan Jirgin Ruwa: Amsa ga Masu Tambayata Tsakanin Sawakin da Jidda

Samarinmu masu neman aiki a tashar Bur Sudan da fatake masu aika tumaki daga Sawakin zuwa Jidda sun ishe ni da tambayoyi iri ɗaya, shi ya sa na tara su wuri guda. Duk wanda ya sake tambayata, nan zan turo shi.

Me ya sa ba a cewa dama da hagu a cikin jirgi?

Saboda damarka tana juyawa idan ka juya, ta jirgi kuwa tana nan inda take. Idan ka fuskanci goshin jirgi, gefen damarka shi ne sitabod, na hagunka kuma fot, ko da daga baya ka juya wa goshin ƙeya.

Daga ina sunayen nan biyu suka fito?

Sitabod tsohon Turanci ne, ma'anarsa gefen tuƙi. Mutanen arewacin Turai na da can suna sarrafa jirgi da babban filafili da suke ɗaurewa a dama, tun da yawancin mutane da hannun dama suke aiki, sai ya zama dole su raɓi gaɓa da gefen hagu don kada filafilin ya karye. Wannan gefen da ake loda kaya ta wajensa labod ake kiransa, amma cikin iska da rugugin ruwa kunne ba ya bambanta labod da sitabod, don haka rundunar sojan ruwan Ingila ta koma kiransa fot, wato gefen tasha, a 1844, ta Amurka ta bi sahu a 1846. Ku lura, gudun kuskuren ji ne ya sa aka sake sunan.

Wace fitila ce a wane gefe?

Ja a fot, koriya a sitabod. Ɗana, idan har wannan yana rikita ka, kada ka je neman aiki tukuna.

Na Larabci zan koya ko na Turanci?

Duka biyun, kuma kada ka tsorata, ba su kai yawan da kake zato ba. Abokan aikinka za su ce maka muƙaddima ga goshin jirgi, mu'akkara ga bayansa, daffa ko sukkan ga abin da ke karkata shi, amma rubutun da ke jikin ƙofofi da maganar rediyo tsakanin manyan jirage da Turanci suke. Ƙarfen da ake jefawa ya riƙe jirgi, wanda muke kira anga, sunansa ya taso daga Girkanci ya bi ta Latin da Turanci kafin ya iso bakinmu. Larabawa suna ce masa mirsa, daga saiwa ɗaya da "mursaha" da ke aya ta 41 a Suratu Hudu, wadda iyayenmu suke karantawa idan za su shiga jirgi. Nakuda kuwa, da ake kiran shugaban jirgin katako da shi, Farisanci ne mai nufin ubangidan jirgi.

Idan na duba zanen da ke jikin jirgi, zan gane ko lodinsa ya wuce kima?

Alhaji, wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, kuma amsarta ba e ko a'a ba ce. A tsakiyar kowane gefen jirgi akwai da'ira da layi ya ratsa ta, kusa da ita kuma akwai gajerun layuka masu haruffa. Ana kiransa layin Filimsol, da sunan Samuel Plimsoll, ɗan majalisar Ingila da ya yi ta fafutuka har dokar 1876 ta wajabta zanen, sannan yarjejeniyar duniya ta 1966 ta daidaita shi. Idan ruwa ya shanye layin da ya shafi tafiyar, lodi ya wuce doka, kada ka zuba dabbarka ko ɗaya.

Sai dai layin ba guda ba ne. T na yankin zafi ne, S na lokacin zafi, W na hunturu, F na ruwan daɗi, kuma yanki da lokacin shekara su ke nuna wanda za a bi, don haka tambayi jami'in jirgin wanne yake aiki da shi a ranar. Ruwan gishiri ya fi ruwan kogi ɗaga jirgi, Bahar Maliya kuma tana da gishiri kusan giram 40 a kowace lita, alhali matsakaicin tekunan duniya 35 ne. Sannan idan jirgi ya karkata, gefen da kake gani daga gaɓa yana iya nuna maka layi a sarari yayin da ɗaya gefen ya nutse.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne layin nauyi kawai yake aunawa, ba ya gaya maka inda aka jibge nauyin. Jirgin da aka cika benayensa na sama da dabbobi yana iya kifewa layinsa na waje, musamman idan garke ya firgita ya ruga gefe guda. A watan Yunin 2022 wani jirgi ya nutse a tashar Sawakin da tumaki fiye da 15,000, alhali rahotanni sun ce kusan 9,000 aka ƙayyade masa. Saboda haka duba layin ta gefe biyu idan ka samu hali, ka nemi sanin adadin dabbobin da aka yarje wa jirgin, kuma kada sauƙin kuɗin dako ya rufe maka ido.

Me ya sa ake kiran ɗakin tuƙi birij, wato gada?

Jiragen tururi na ƙarni na 19 suna da manyan ƙafafun tuƙi biyu, ɗaya a kowane gefe, sai aka shimfiɗa dakali a sama tsakaninsu don kyaftin ya riƙa ganin ko'ina. Ƙafafun sun tafi, sunan ya zauna.

Ni fasinja ce kawai, dole ne in haddace duk wannan?

A'a, Hajiya, kwantar da hankalinki. Da zarar kin shiga, nemi inda rigar ceto take da wurin taruwar da aka rubuta a bayan ƙofar ɗakinki, ki kuma nuna wa yaranki hanyar. Idan kika ji ƙaho ya yi gajeriyar busa sau 7 sannan doguwa sau 1, ki bar kayanki ki nufi wurin nan take.