Sayen shanshera daga hannun manoma: yadda tsarin yake da inda yake ɗaurewa

Shinkafar da ake nomawa a Saga, Kirkisoy, Libore da N'Dounga, nan gefen Yamai, da wadda ke fitowa daga Tillaberi da Gaya, akasarinta ta filayen ban-ruwa ce da gwamnati ta gyara a bakin kogin Isa. Hukumar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, ita ke sa ido kan waɗannan filaye, manoma kuwa suna cikin ƙungiyoyin koperatib, kowa da ɗan yankinsa, sau da yawa bai wuce rabin eka ba. Ana noma sau biyu a shekara, damina da rani. A ƙarshen kowane zango manomi zai biya koperatib kuɗin ban-ruwa: wutar injinan da ke jawo ruwa, gyaran magudanai, da bashin taki in ya ɗauka. Da yawa da buhunan shanshera suke biya. Nan ne gwamnati ke shigowa, ta sayi shansherar.

Tsarin ya ƙunshi ɓangarori uku. Tarayyar ƙungiyoyin manoman shinkafa, FUCOPRI, tana tsayawa a madadin koperatib, a yi ciniki a kan farashi da yawan da za a saya. Ofishin OPVN, wanda aka kafa a 1970 kuma yake riƙe da rumbun tsimin ƙasa, shi ne mai saye da kuɗin gwamnati. Kamfanin RINI, mai injinan casa a Kirkisoy, Kollo da Tillaberi, shi ke cashe shansherar ta zama farar shinkafa. Daga nan ta shiga sito, a fito da ita lokacin sayarwa a farashi mai rahusa ko rabon agaji.

Dalilin tsarin a fili yake. Da kaka kowa na neman kuɗi a lokaci guda, shanshera ta cika kasuwa, ɗan kasuwa ya taya yadda ya ga dama. Idan akwai babban mai saye da ya bayyana farashinsa tun da wuri, manomi ya samu abin dogaro, ya ce wa dillali in ba ka kai kaza ba zan kai koperatib. Gwamnati kuma ta cika rumbunta da abin gida, maimakon fitar da kuɗi zuwa Indiya ko Tailan, inda mafi yawan shinkafar da muke ci take fitowa. Mun ga muhimmancin hakan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ya rufe iyakoki, hanyar Kwatano ta toshe, buhun shinkafa ya gagari magidanta.

Farashin kansa yana da wuyar tsayarwa. Kilo 100 na shanshera ba ya ba da fiye da kilo 60 zuwa 65 na farar shinkafa, sauran ƙaiƙayi ne da dusa. A ɗora kuɗin casa, buhu da mota. In an kyautata wa manomi sosai, ta gida za ta fi ta waje tsada a kasuwar Katako ta Yamai, in an matse shi don mai ci a birni ya ji sauƙi, ba zai mai da kuɗin takinsa ba. Tazarar da ke tsakani baitulmali ne ke cike ta, kuma ya kamata a faɗa wa jama'a haka a fili, domin tallafi ne, daga kuɗin harajinsu.

Amma a ganina ranar biya ta fi farashi muhimmanci, kuma ita ce ba a cika tattaunawa a kanta ba. Tsakanin girbin damina da dashen rani kwanaki ne ƙalilan. Manomi na sussuka, a gefe kuma ana yafa iri don dashe mai zuwa. Koperatib na bukatar kuɗi a hannu ta biya wuta, ta sayi taki kafin shuka ta nemi shi. Idan an ɗebi buhuna aka bar mata takarda, kuɗin bai fito ba sai bayan watanni, taki zai iso a makare, amfanin zango na gaba ya ragu, bashi ya hau kan bashi. Shi ya sa za ka ga manomi ya sayar wa mai tsabar kuɗi a ƙasa da farashin gwamnati, ko matan da ke turara shinkafa, ko ɗan kasuwar da ya zo da mota bakin gona. Ba rashin kishi ba ne. Gara guntun gatarinka da sari ka ba ni.

Wannan ya ƙara nauyi tun Oktoban 2024, da gwamnati ta hana fitar da shinkafa, hatsi, dawa, masara da wake zuwa ƙasashen waje, ban da Mali da Burkina Faso. Manufar ita ce abinci ya zauna gida, farashi ya sauka, kuma mai sayen tiya a Yamai ko Tawa yana da hujjar yin maraba da haka. Sai dai manomin Gaya, wanda ya saba da masu saye daga Najeriya, an rufe masa ƙofa ɗaya. Wanda ya hana shi kai kayansa can ya ɗauki alhakin saye a nan, da farashin da zai fitar da shi, a kan lokaci.

Akwai kuma waɗanda tsarin ba ya kaiwa gare su cikin sauƙi: masu noman fadama da bakin tafki da ba sa cikin koperatib. Su ma shinkafa suke nomawa, kuma dokar hana fitarwa ta hau kansu.

Ga ɗan koperatib, abin da yake da haƙƙin nema shi ne a karanta yarjejeniyar a gaban taro kafin a loda buhu ko ɗaya: nawa ne kilo, wa zai auna, da wane sikeli, wa zai biya mota, shanshera mai laima ko tsakuwa nawa za a zabge mata, kuma wace rana ce ta biya. Buhun shanshera ya haura kilo 70, don haka ciniki da buhu ba tare da awo ba asara ce da ke faɗawa kan manomi. A rubuta har da abin da zai biyo baya idan ranar biya ta wuce kuɗi bai zo ba, kowace koperatib kuma ta riƙe kwafinta.