"An ɗauki nauyi": abin da kalmar take nufi a takardar inshora, da inda take tsayawa idan an zo kan haƙori

Kwanakin nan da wuya ka kunna rediyo a Maradi a yi maganar lafiya ba ka ji "ɗaukar nauyi" ba. Mai fassara labarai ya ga prise en charge a takardar Faransanci, sai ya ce za a ɗauki nauyin marasa lafiya. Mai tallar asurans, wato inshora, ya shiga ofis ya ce kamfaninsu yana ɗaukar nauyin ma'aikaci da iyalinsa. Shugaban sandika ya tara mutanensa ya ce an ci nasara, yanzu an ɗauki nauyi. Idan kalma da kalma ake bi, fassarar ba ta da laifi: prise ɗauka ce, charge kuwa kaya ne. Matsalar tana cikin abin da kunnen Bahaushe yake ji.

A Hausa, wanda ya ɗauki nauyin maraya ya ɗauki cinsa da shansa da suturarsa da karatunsa, har ranar da zai yi masa aure. Ba a cewa wane ya ɗauki nauyin auren ƙanwarsa alhali gado da katifa kawai ya saya. Wannan gudummawa ya yi, ko a ce ya kama. Kalmar ba ta karɓar rabi. A takardar inshora kuwa ma'anarta ita ce: kamfani ya yarda zai biya wani kaso, na wani farashi da shi ya yanka, har zuwa wani iyaka da shi ya sa, a kan ayyukan da shi ya lissafa. Da a ce ni ake tambaya, da an daina cewa "ɗaukar nauyi" a rediyo, an koma cewa "biyan wani kaso", domin mutane suna yanke shawara kan jikinsu bisa abin da suka ji, kuma babu inda hakan ya fi cutarwa kamar wajen haƙori.

Mu ɗauki haƙori guda mu bi shi. Mataunin farko na ƙasa, wanda likitoci suke rubuta wa lamba 36 idan na hagu ne, 46 idan na dama ne. Shi ne ya fi shan wahalar tauna, shi ne kuma ya fi yawan yin kogo. Kogo yana farawa a farin ɓawon waje, wanda ba shi da jijiya, shi ya sa ba a jin komai. Idan ya ratsa zuwa sashen da ke ƙarƙashinsa, sai a fara jin tsami da ruwan sanyi ko shayi mai sukari. A wannan matakin aikin zama ɗaya ne: a kashe wurin da allura, a kankare ruɓar, a cike. Idan aka bari ya kai jijiya, ciwon da ke hana barci ya zo, ciko ba ya wadatarwa. Sai an buɗe haƙorin, an cire jijiyar daga hanyoyinta uku ko huɗu, an wanke, an toshe su har ƙarshen saiwa, da hoton rediyo, wato hoton da ke nuna cikin haƙori, kafin aiki da bayansa. Haƙorin da aka cire wa jijiya, aka kuma rarake cikinsa, yana da saurin tsagewa, don haka ake ɗora masa hula ta ƙarfe ko ta tangaran. Aikin da zai ƙare a zama ɗaya ya koma zama uku ko huɗu, har da mai ƙera hula.

To ga lissafin. Alƙaluman nan misali ne don a ga yadda ake yankan, kowa ya duba nasa a takardarsa. Mu ƙaddara katin inshorar wani Malam ya ce kamfani zai biya kashi 80 cikin 100. Likita ya ce kashe jijiya jika 60, hula jika 150, jimla jika 210. Malam ya yi lissafi a zuci, ya ga nasa jika 42 ne. Amma kamfani ba ya duba farashin likita, yana duba nasa jadawalin farashi, wanda ake kira barem. A barem an rubuta kashe jijiya jika 40. Kashi 80 na 40 shi ne 32, saura 28 a wuyan Malam. Hula kuma ba ta cikin sahun magani, tana cikin sahun haƙoran sawa, inda kason ya sauka zuwa 50, kuma barem ya yanka mata jika 100. Wato jika 50 ke nan. Sai a zo kan plafon, wato iyakar abin da kamfani zai kashe wa haƙori a shekara. A ce jika 100 ne na gidan gaba ɗaya, kuma uwargida ta riga ta ci 30 a wanki da ciko. An cire 30, an cire 32, saura 38. Nan ne ma'aikaciyar karɓar kuɗi za ta ce, "Malam, yi haƙuri, plafon ɗinka ya cika." A ƙarshe kamfani ya biya 70, Malam ya biya 140. Kati ya ce kashi 80, abin da ya shigo hannu ɗaya cikin uku ne, kuma babu wanda ya karya yarjejeniya.

Wannan plafon shi ne abin da ya fi ɓata mini rai, domin ya juya inshora kai ƙasa. Amfanin inshora shi ne ka ɗauki ƙaramar asara da kanka, idan babba ta zo jama'a su ɗauka. Haka asusun 'yan kasuwa yake, haka inshorar gobara take. A haƙori kuwa kamfani ne yake ɗaukar ƙaramar, ya bar maka babbar. Suna da hujjarsu, kuma ba ƙarya ba ce. Gobara ba ta cin kowane shago, amma kusan kowane baki yana da aikin da ke jira. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2022 ta ce cututtukan baki sun shafi mutane kusan biliyan 3.5. Sannan haƙori yana ba da lokaci. Mutum zai iya sanin yana da haƙora huɗu da suka lalace, ya shiga inshora, a gyara masa, ya fita. Don toshe wannan ƙofa ne ake sa wa'adin jira na wasu watanni kafin a fara biyan hula ko haƙoran sawa, ake kuma ƙin biyan giɓin da mutum ya shigo da shi. Na yarda da wa'adin jira. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar plafon da barem a daskare shekara da shekaru alhali kuɗin shiga yana ƙaruwa.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, inda inshorar haƙori ta daɗe, iyakar shekara a yawancin yarjejeniyoyi tana tsakanin dala 1,000 da 2,000, kusan inda take tun shekarun 1970, kuma asalin tsarin Medicare na tsofaffi ba ya biyan gyaran haƙori na yau da kullum. Faransa sai a 2020 ta fara tsarin da ya sa wasu nau'o'in hula da haƙoran sawa suka zama babu cikon kuɗi, shi ma ga mai mituwel, wato asusun haɗin gwiwa na biyan kuɗin magani.

Dalilin da ya sa tazarar da ke tsakanin barem da farashin gaskiya take faɗaɗa a nan ba ɓoyayye ba ne. Maganin kashe zafi, garin ciko, ƙananan allurai na share hanyar jijiya, safar hannu, fim ɗin hoto, babu wanda ake yi a Nijar. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da suke zuwa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi tsawo, kuɗin mota ya hau. Kujerar likitan haƙori ba ta aiki sai da wuta da iskar kwamfuresa, tukunyar dafa kayan aiki tana bukatar zafin digiri 134, idan wuta ta ɗauke sai janareto da mai. Likita ba zai iya rage waɗannan ba sai dai ya rage tsafta, kuma kayan haƙorin da ba a dafa ba hanya ce ta ciwon hanta. Saboda haka ko dai ya ɗora bambancin kan marar lafiya, ko ya daina karɓar bon ɗin kamfanin, wato takardar alkawarin biya, musamman idan kamfanin yana jan watanni kafin ya biya.

Akwai kuma ruɗani tsakanin wannan da abin da gwamnati take yi, domin duka da kalma ɗaya ake kiransu. Kyautar magani ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, wadda aka fara a 2006, daban. Ragin kashi 50 na kuɗin asibitocin gwamnati da ya fara aiki ranar 1 ga Satumban 2024, daban. Ya shafi farashin aiki a wurin gwamnati, bai shiga kilinik mai zaman kanta ba. CNSS, asusun kula da ma'aikata na ƙasa da ake yanka wa ma'aikacin kamfani kuɗi kowane wata, tana biyan fansho, alawus na iyali da haɗarin wurin aiki. Wanda ya faɗi a bakin aiki ya karya haƙori yana da magana da ita, mai kogon haƙori ba shi da ita. Mafi yawan mutanen Maradi, manomi da ɗan kasuwa da ɗan kabu-kabu, ba su da ko ɗaya daga cikin katunan nan, daga aljihu suke biya.

Dubi wani abu game da shekara 5 ɗin nan. Mataunin da muka bi a sama yana tsirowa ne wajen shekara 6, a bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye da yawa suna ɗauka na famfara ne, idan ya ruɓe su ce ai zai fita wani ya fito. Ba wani da zai fito. Wato haƙorin da ya fi bukatar a kula da shi yana zuwa ne shekara guda bayan yaro ya fita daga kyauta. Ko da ba za a iya komai ba, duba bakin ɗan firamare sau ɗaya a shekara da toshe tsagogin wannan haƙori aiki ne mai araha, ya kamata ya shiga cikin abin da ake kira ɗaukar nauyi.

Sahun "kwalliya" shi ma yana bukatar a duba shi da idon mutanen nan. Kusan kowace yarjejeniya tana ware farar da haƙori, haƙorin Makka, dashen haƙori a ƙashi, sau da yawa har da wayar daidaita haƙora. Babu mai jayayya kan haƙorin Makka. Amma mutanen Tibiri sun san abin da ruwan fanfo mai yawan sinadarin fuluwo ya yi wa yaran da suka sha shi tun daga shekarun 1980: ƙasusuwa suka lanƙwashe, haƙora suka yi ja suka zaizaye. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi ne miligiram 1.5 a lita, ruwan can ya ninka haka. Waɗannan yaran yau magidanta ne. Wanda ya zo da irin wannan haƙori a rufe masa, bai kamata a jefa takardarsa sahun masu neman ado ba.

Mai kati ya yi abu kaɗan kafin ya zauna a kujera. Ya nemi likita ya rubuta masa ƙiyasin kuɗi mai ɗauke da lambar haƙori, sunan kowane aiki da farashinsa daban-daban, kada a haɗe su a layi ɗaya. Ya kai wa kamfani ko mituwel ya karɓo amincewa a rubuce, domin hula da aka sa kafin amincewa sau da yawa ba a biyanta ko da tana cikin yarjejeniya. A nan ne zai tambayi nawa ya rage a plafon, na mutum ɗaya ne ko na gida duka, kuma yaushe shekarar take juyawa, Janairu ko ranar da aka sa hannu. Abin da ba a ci ba a bana galibi ba ya tsallakawa baɗi. Idan shekara ta kusa ƙarewa, likita zai iya kashe jijiya yanzu, ya sa cikon wucin gadi mai ƙarfi, a yi hula bayan an buɗe sabon plafon. Makonni kaɗan ake nufi, a kuma daina tauna ƙashi ko aya ta wannan gefen, don idan haƙorin ya tsage har saiwa sai cirewa. A tabbata kilinik ɗin tana cikin jerin da kamfani ya amince da su, a kuma tambaya ko an biya kuɗin shekara, domin a dokar CIMA da ke tafiyar da inshora a ƙasashenmu, yarjejeniya ba ta aiki sai an biya. Wanda ya biya da kansa don a mayar masa, ya riƙe rasit da ordonans da hoton, ya kai kafin wa'adin ajiye takardu ya wuce.

Mutane da yawa idan suka ji lissafin sai su ce a cire kawai, ya fi sauƙi. A ranar ya fi sauƙi. Bayan shekaru na kusa da giɓin suna kwantowa, na sama yana zazzagowa, abinci yana maƙalewa, kuma cike giɓi yana cikin sahun da kamfani ya fi ƙin biya. Wasu kuma su koma kanumfari da amoksisilin na tebur. Kanumfari yana kwantar da zafi na ɗan lokaci, maganin ƙwayoyin cuta yana sacce kumburi, amma ruɓar tana nan cikin saiwa. Ruwan batir da ake ɗiga wa kogo yana ƙone dasashi ne. Idan kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa ko ya haura wajen ido, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiya ta yi wuya, ga zazzaɓi, musamman ga mai ciwon sukari ko mai ciki, wannan ya bar sahun haƙori ya koma na gaggawa. A wuce asibitin jiha ko babban asibitin Maradi a daren, takardar bon ta biyo baya.