Tafiyar malamai ƙaro ilimi a waje da kuɗin gwamnati: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun da na dawo daga horon mako shida a Amurka, ba na ƙare kofin shayi a fada nan Tawa sai wani mushe ya ja ni gefe. Tambayoyin kuma ba sa canzawa. To ga su na rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya wannan zan tura masa.

Nawa ake biya?

Ko dala. Shirin da na je, Fulbright TEA, ma'aikatar harkokin wajen Amurka ce ke ba da kuɗinsa, ƙungiyar IREX ke tafiyar da shi. Tikitin jirgi, masauki, abinci da inshorar lafiya duk a kansu suke. Wanda ya ce ka ba shi jaka hamsin ya sa sunanka, ɓarawo ne.

Sai kana da wani babba a Yamai?

A'a. Ni ɗan manomi ne, ba ni da kowa.

Wa ake ɗauka?

Malamin sakandare, CEG ko lise, mai lisans, wanda ya yi shekaru a aji kuma har yau alli na hannunsa. Gwamnatin Japan ma tana da nata na malamai ta hannun ma'aikatar iliminta, MEXT: shekara ɗaya da rabi, ana farawa da wata shida na koyon Japananci, amma sai wanda bai kai shekara 35 ba.

Idan aka yarda, zan iya zama can?

Ƙanena, wannan tambayar tana ɓata mini rai. Bizar J-1 ake ba ka, kuma sharaɗinta ka dawo ƙasarka ka yi shekara 2 kafin ka nemi zama ko aiki a Amurka. Ban da doka ma, duk malamin da ya gudu ya rufe ƙofa ne a fuskar na bayansa. Yaran da ka bari a aji fa, wa ka bar wa su?

Ajina da albashina fa, idan na tafi?

Nan ne ake faɗuwa, don haka ka karanta a hankali. Waɗanda suka gayyace ka ba su ne suka ɗauke ka aiki ba. Takardarsu ba izini ba ce. Izini daga hukumarka yake fitowa: ka rubuta buƙata, darakta ya sa hannu, ta wuce ofishin ilimi na jiha, wani lokaci har ma'aikata a Yamai. Tawa takardar ta yi makonni a kan wani tebur, sai da na bi ta da ƙafata.

Sauran ya danganta da matsayinka. Idan cikakken ma'aikacin gwamnati ne kai, kuma izini na hannunka a rubuce, yawanci tafiyar mako shida ba ta taɓa albashi. Na ce yawanci, domin abin da aka rubuta a jikin takardar shi ne hujjarka, ba abin da aka faɗa maka da baki ba. Idan ɗan kwantaragi ne kai, ka ninka hattara. Kana iya dawowa ka tarar an rubuta ka cikin waɗanda suka yi watsi da aiki, an tsayar da kuɗinka, alhali darakta ya ce maka "je ka, babu komai". Ba lallai mugunta ba ce, ana iya canza masa wurin aiki kafin ka dawo, sabon kuma bai san da zancen ba. Na lakwal mai zaman kanta, maganarsa da mai lakwal ce, ita ma a rubuta. Tafiya mai tsawo irin ta Japan kuwa wani babi ne daban, kada ka auna ta da ta mako shida.

Lokaci ma abin dubawa ne. Wani rukuni kan tafi wajen Janairu zuwa Maris, tsakiyar shekarar karatu ke nan. Idan kana riƙe da ajin BEPC ko na bak, ka zauna da abokin aikinka tun da wuri, ku raba darussa, ka bar masa jadawali a rubuce. Ka sanar da iyayen yara ta hannun COGES. Kada hankalinka ya tashi, ana yi kuma ana dawowa lafiya, amma ka ajiye kwafin kowace takarda mai hatimi.

Ingilishina ba shi da ƙarfi.

Akwai gwaji irin na TOEFL, amma ba a neman ka zama Bature. Malaman lissafi da kimiyya ma suna tafiya. Abin da ba na so shi ne ka jira sai sanarwa ta fito sannan ka buɗe littafi.

Har yanzu ana yi, bayan juyin mulkin 2023?

Abubuwa sun canza. Faransa ta rufe ofishin jakadancinta a Yamai a Janairun 2024, bizar Amurka kuma ta ƙara wuya ga 'yan Nijar a 2025. Saboda haka ka duba sanarwar wannan shekarar da jerin ƙasashenta, ka bar dogara da ta bara da ke yawo a WhatsApp. Kuma ba ƙofa ɗaya ba ce: Indiya tana da shirin horo na ITEC tun 1964, hukumar JICA ta Japan kuma a jiharmu ta fara aikinta na "Lakwal don Kowa" a 2004.

Me zan rubuta a dosiye?

Gaskiyar ajinka. Wata malama ta kawo mini nata, shafi biyu na yabon Amurka, babu ɗalibi ko ɗaya a ciki. Na tambaye ta inda take koyarwa. Ta ce a rumfar zana, yara uku a littafi guda, iskar hunturu na kwashe takardu, 'yan mata na raguwa kafin ajin ƙarshe. Na ce Madan, wannan za ki rubuta, sannan ki faɗi abu ɗaya da za ki gyara idan kin dawo. Kada ka kwafi na wani, masu karantawa suna ganewa.

Fasfo fa?

Ka yi shi tun yanzu. Daga Tawa zuwa Yamai wuni guda ne a kar, kuma ba a ranar da ka je ake ba ka ba.